Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani (1865–1948)

Karatu: Galatiyawa 6:1-5

A cikin ayoyin nan Manzo Bulus ya ba mu umarni biyu waɗanda in an dube su da sauri sai a ce suna gāba da juna. A aya ta 2 ya ce mu taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuwa ya nuna kowa yana da nasa kayan da zai ɗauka da kansa. Wanda ya taɓa ganin fatake a zango ya san ba gāba. In kaya ya yi wa mutum nauyi, ɗan'uwansa ya kan kama masa ya aza a ka, amma tafiyar, mai kaya ne zai yi ta da ƙafarsa. Ga labarin wani bawan Allah da ya riƙe umarnin nan biyu tare.

An haifi Andrew Stirrett a lardin Ontariyo, a ƙasar Kanada, cikin shekarar 1865. Da ya girma ya zama mai haɗa magani a birnin Toronto, ciniki ya karɓe shi, ya kuwa ci gaba da koyon aikin likita. Ran nan sai wata 'yar ƙasida ta faɗo hannunsa, wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan nauyin ƙasar Sudan, watau ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Hamada, har da tamu. Shi Bingham ya san abin da ya ke faɗi. Cikin 1893 ya sauka Ikko tare da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent. Shekara ba ta kewayo sosai ba Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma ya mutu a Bida, duka cikin 1894. Bingham kaɗai ya koma gida, shi ma da ƙyar.

Stirrett ya karanta, bai ce wannan nauyin wani ne ba. Ya rabu da dukiyarsa ya ba mishan, ya shiga jirgin ruwa na shanu zuwa Ingila, daga can ya nufo ƙasarmu. Ya iso Pategi, a bakin Kwara, cikin 1902, yana da shekara 37. Shugabannin mishan ba su karɓe shi gaba ɗaya ba tun da fari, sai suka ce a gwada shi tukuna. Ku duba fa, mutum ne babba, mai sana'a, wanda ya ba da abin hannunsa, ga shi an ce ya tsaya a auna shi kamar yaro. Bai yi fushi ba, ya yarda. Nan ne farkon darasinmu, gama wanda ba ya jure a gwada shi, da wuya ya iya gwada kansa.

Cikin 1904 mishan ta buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru, inda Gwamna ya ke zaune a lokacin. A nan Stirrett ya shaƙu da fataken Hausawa masu sauka a zango. Ya kan zauna tare da su, ya ba marasa lafiya magani, ya koyi harshensu daga bakinsu, sa'an nan ya gaya musu bishara. Su ne suka sa masa suna Bature Mai Magani. Daga wannan yanki aikin ya yi ta yaɗuwa, ya kai Paiko da Minna da sauran ƙasar Gbagyi, har aka kafa ekklesiyar ECWA cikin 1954. Saboda haka mu da ke Gawu Babangida da kewaye, labarin nan na gidanmu ne.

Nauyin da ya ɗauka ba na jiki kaɗai ba ne. Ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro ya ke kashe abokan aikinsa, sai ya matsa musu su riƙa shan kwinin kowace rana, ya tsare maganar nan ba sassauci, rayuka da yawa suka tsira. Ya ga masu bi ba su da Maganar Allah cikin harshen da su ke ji, sai ya sa hannu cikin aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da waɗansu. Aka buga littafin dukansa cikin 1932. Ya kuma shirya waƙoƙin sujada da Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa bai nemi a ce shi kaɗai ya yi ba.

To, ina ya sami ƙarfin wannan duka? Al'adarsa ce ya tashi tun da sauran dare, ya durƙusa gaban Ubangiji da addu'a da karatu, kafin gari ya waye. Kafin ya duba ciwon kowa, ya kan fara kawo nasa hali gaban Mai Magani na gaskiya. Bai yi aure ba, bai tara kaya ba. Da ya zauna a Jos, ya kan fita kasuwa kullum ya yi wa'azi, har cikin tsufansa. Hausawan da suka karɓi saƙonsa a fili ba su yi yawa ba, duk da haka bai daina ba, bai kuwa auna aikinsa da na wani ba. Ya san abin da aka ɗora masa shi ne aminci, amfanin gona kuwa na Ubangiji ne. Ya rasu a Jos cikin 1948, bayan wajen shekara 46 a bakin aiki.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa Manzo ya gargaɗi mai komo da wanda ya faɗi, ya yi da tawali'u, yana lura da kansa, kada shi ma jaraba ta kama shi. Mai taimako wanda bai binciki zuciyarsa ba ya kan zama alƙali, wanda ya faɗi kuwa sai ya ɓoye ciwonsa, ciwon ya ruɓe. Mai binciken kansa kaɗai, wanda ba ya miƙa wa kowa hannu, shi ma bai cika shari'ar Almasihu ba. Stirrett mutum ne mai kasawa kamarmu, amma ya nuna mana a kan iya haɗa biyun, da alherin Allah.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin nauyin aya ta 2 da kayan aya ta 5?
2. Don me yarda da gwaji ta zama shiri mai kyau ga Stirrett?
3. Wane ɗan'uwa ne a ekklesiyarku kaya ya danne shi a makon nan, me za ka yi masa?
4. Wane lokaci ka keɓe domin gwada aikinka a gaban Allah?