Felix Wankel: Injiniyan da bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba

An haifi Felix Wankel a garin Lahr na Jamus a 1902. Bai yi jami'a ba, kuma raunin gani ya hana shi lasin tuƙi har ya mutu a 1988. Duk da haka shi ya ƙago injin da babu fistin a cikinsa, sai ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa. Kamfanin NSU ya fara tayar da shi a 1957, daga baya Mazda ta ɗora shi a motar RX-7.

Tarihinsa na da tabo, domin ya yi jam'iyyar Nazi. Injin kuwa akwai shan mai, bakin kusurwoyinsa kuma na saurin cinyewa, shi ya sa masu RX-7 da dama kan sauke shi su dasa V8 na Chevrolet.