Muddy Waters, Ɗan Gandun Auduga Da Ya Zama Uban Makaɗa

Yau za mu ba masu karatu labarin wani mawaƙi baƙar fata na Amurka, McKinley Morganfield, wanda aka fi sani da Muddy Waters. A Jihar Misisipi aka haife shi, ya tashi hannun kakarsa a gandun auduga na Stovall. Can ya koyi bulus, watau waƙoƙin da jikokin bayi ke yi don rage zafin wahala.

Cikin 1941 wani Bature mai tattara waƙoƙi, Alan Lomax, ya ɗauki muryarsa da na'ura. Da ya ji kansa, sai ya tabbata ya iya. A 1943 ya bar noma ya tafi birnin Shikago. Hayaniyar gidajen rawa na can takan danne jitarsa, saboda haka ya koma ga mai aiki da lantarki, ya haɗa ta da ganguna da piyano. Wannan tsari ne makaɗan rok suka gada.

A 1958 ya ziyarci Ingila, samarin ƙasar suka shiga kwaikwayonsa. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga wani faifansa na 1950 ta samo sunanta. Sai da waɗannan samari suka kai kiɗan Amurka, sa'an nan matasan Turawa da yawa na can suka san darajar mutumin da ke zaune kusa da su.

Almajiran sun fi shi dukiya, amma ba su ɓoye malaminsu ba. A 1981 suka je Shikago suka yi kiɗa tare da shi. Ya rasu ran 30 ga Afrilu, 1983.