Bernard Katz, Likitan Da Ya Gano Yadda Jijiya Ke Isar Da Saƙo

A ƙauyukan Minjibir da Dawakin Tofa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona kuma taki ne jarin manomi, da wuya a sami dattijon da bai taɓa ganin cutar sarƙewar haƙora ba. Ƙaya ko fartanya ta ji wa mutum rauni, ko a yanke wa jariri cibiya da reza marar tsabta, bayan 'yan kwanaki sai jiki ya sandare. Mutumin da ya share fagen gane abin da ke faruwa a cikin jikin irin wannan majinyaci shi ne Bernard Katz.

An haife shi a birnin Leipzig na ƙasar Jamus a 1911. Mahaifinsa Bayahude ne daga Rasha, mai fataucin fatu. Ya gama karatun likita a 1934, daidai lokacin da mulkin Hitler ya matsa wa Yahudawa lamba, saboda haka a 1935 ya yi ƙaura zuwa Landan. Ya zauna a Ostareliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ya yi aikin soja, sa'an nan ya komo Landan a 1946.

A nan ne ya yi aikin da ya fito da sunansa, kuma da tsokar kwaɗo ya yi shi. An riga an san cewa jijiya ba ta haɗe da tsoka ba, akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma wani sinadari mai suna asetilkolin ne ke tsallake ratar da saƙo. Abin da Katz da abokan aikinsa Paul Fatt da José del Castillo suka nuna tsakanin 1950 da 1954 shi ne, sinadarin ba kwarara yake yi kamar ruwa ba. Ƙunshi-ƙunshi yake fita, kowane ƙunshi da awonsa, tamkar yadda mai koko ke auna ludayi. Daga baya shi da Ricardo Miledi suka tabbatar cewa ƙunshin ba ya buɗewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga bakin jijiyar. Suka kuma nuna cewa idan saƙo ya biyo bayan saƙo da sauri, ragowar kalsiyam kan sa na biyun ya fi ƙarfi. Watau mahaɗar jijiya tana sauyawa gwargwadon aikin da aka ba ta, batun da masu binciken koyo da tunawa suka ɗora a kai.

An ba shi lambar Nobel a 1970 tare da Ulf von Euler da Julius Axelrod.

Katz bai san irin furotin da ke buɗe ƙunshin ba sa'ad da yake wannan aiki, na bayansa ne suka gano su. A 1992 masana a birnin Padua na Italiya suka nuna cewa dafin ƙwayar sarƙewar haƙora, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, yana datse ɗaya daga cikinsu, mai suna sinaptobirebin. Yana yin wannan ɓarna ne a jijiyoyin laka masu umartar tsoka ta saki. Da umarnin ya yanke, sai muƙamuƙi ya ɗaure, baya ya lanƙwashe. Allurar rigakafin da ake yi wa masu juna biyu da jarirai tana tare dafin ne tun bai kai ga jijiya ba.

Katz ya ga wannan sakamako da idonsa. Ya mutu a Landan a watan Afrilu na 2003, yana da shekara 92.