Fada Giuseppe Piazzi, Firist Mai Ƙidayar Taurari

A shekarar 2007 Amurka ta harba wani kumbo marar matuƙi mai suna Dawn, domin ya binciki ɗimbin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mars da ta Jupita. A 2015 ya isa Ceres, wadda ta fi su duka girma, faɗinta wajen kilomita 940, ya yi ta aiko da hotunanta har mansa ya ƙare a 2018. Wanda ya fara ganin Ceres kuwa firist ne na Ekklesiya Katolika.

An haifi Giuseppe Piazzi a garin Ponte, a arewacin Italiya, ran 16 ga Yuli, 1746. Ya shiga ƙungiyar firistoci ta Theatine, aka naɗa shi firist a 1769. Ya koyar da tauhidi a Roma, daga bisani aka kira shi Palermo, a tsibirin Sisili, ya koyar da lissafi. A can ne ya kafa ɗakin binciken taurari a 1790.

Aikinsa na haƙuri ne. Kowane dare yakan auna matsayin taurari ɗaya bayan ɗaya, kashegari ya sake aunawa. A daren 1 ga Janairu, 1801, ya rubuta wani ɗan haske cikin littafinsa. Da ya koma kansa, sai ya tarar ya gusa. Ya bi shi har 11 ga Fabrairu, sa'ad da ciwo ya kwantar da shi. Ko da yake ya yi zaton abin ya wuce haka, ya sanar da shi a matsayin tauraro mai wutsiya, gama bai so ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Hasken rana ya ɓoye Ceres wata da watanni, sai da lissafin Gauss, wani matashi Bajamushe, aka sake ganinta a ƙarshen shekarar.

A 1814 Fada Piazzi ya buga jerin taurari 7,646. Ya rasu a Naples ran 22 ga Yuli, 1826.

Da bai sake duba aikin jiya ba, da Ceres ta wuce shi. Ubangiji ya ba mu irin wannan aminci cikin ƙananan ayyuka, ya kuma ba bawansa hutawa ta har abada. Amin.