Tomas Maltus: Limamin da Ya Auna Haihuwa da Abinci

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba rayuwar wani Bature wanda, fiye da shekara 200 bayan fitowar littafinsa, har yanzu masana ba su gama gardama a kansa ba. Shi ne Tomas Robat Maltus, mutumin ƙasar Ingila.

An haife shi a watan Fabrairu na 1766 a lardin Sare, kudu da Landan, a gidan masu hali. Mahaifinsa, Daniyel, mutum ne mai son karatu, yana kuma hulɗa da manyan masana na zamaninsa. Shi yaron da tsagaggen leɓe ya zo duniya, abin da ya sa maganarsa ba ta fita sosai, har ma bai yarda an zana hotonsa ba sai a 1833. Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1784, ya yi fice a lissafi, sa'an nan ya zama ƙaramin limamin coci a wani ƙauye na lardinsu. A can ne ya zauna da talakawa manoma, ya ga yadda 'ya'yansu ke tsumburewa saboda ƙarancin abinci.

Asalin littafin nasa musu ne tsakanin ɗa da uba. Uban ya gamsu da ra'ayin su Godwin da Kwandose, masu cewa in aka gyara mulki talauci zai ƙare. Ɗan kuwa ya ce akwai wani cikas da gyaran mulki ba ya kawarwa. A 1798 ya buga hujjarsa ba tare da sa sunansa ba. Ga yadda take: jama'a, in babu abin da ya tare su, sukan ninka yawansu cikin shekara 25, kamar yadda aka gani a yankunan Turawa na Amurka inda ƙasar noma ta wadata. Watau 1 ya zama 2, 2 ya zama 4, 4 ya zama 8. Abinci kuwa a ganinsa ƙari yake yi kaɗan-kaɗan, 1, 2, 3, 4. Tun da baki ba ya wuce abin da ke cikin rumbu, tilas wani abu ya rage yawan, ko dai yunwa da annoba da yaƙi su kashe waɗanda aka haifa, ko kuwa a rage haihuwar tun farko.

Bai tsaya nan ba. Ya yi tafiya zuwa Norwe da Suwidin da Rasha a 1799, da Faransa da Suwizalan a 1802, yana tattara bayani a kan aure da haihuwa da mutuwa. Bugu na biyu da ya fito a 1803 ya ninka na farko girma, a ciki kuma ya ƙara wata mafita, watau jinkirta aure tare da kame kai. Wannan a ganina shi ne wuri mafi nauyi a aikinsa, domin ya gane cewa yawan 'ya'yan da mace za ta haifa ya dogara ƙwarai a kan shekarun da ta fara. Shi kansa sai da ya kai shekara 38 ya yi aure, a 1804, ya sami 'ya'ya 3. A 1805 aka naɗa shi shehun malami na tarihi da tattalin arziki a kwalejin Kamfanin Gabashin Indiya, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Ya sha zagi, ba kuma a banza ba. Ya soki tallafin da ake ba matalauta, yana cewa yana sa su aure da wuri su haifi waɗanda ba za su iya ciyarwa ba. Masu mulki suka riƙe wannan magana da hannu biyu, aka ji ƙamshinta a dokar matalauta ta 1834 wadda ta tsananta wa talakawa. Kal Maks ya yi masa kaca-kaca daga baya, yana ganin laifin tsarin rabon dukiya ne ya ɗora wa haihuwa.

Abin mamaki, inda hujjarsa ta fi zama daram ba inda ya nufa ba ne. A 1838 Darwin ya karanta littafin, ya ɗauki ƙa'idar ya shimfiɗa ta a kan dukkan masu rai. Kifi yakan saki dubban ƙwai, itace ya zubar da iri ba adadi, amma ruwa bai cika da kifi ba, daji kuma bai toshe ba. Mafi yawansu mutuwa suke yi kafin su girma. Hatta giwa, wadda ba ta fara haihuwa da wuri, Darwin ya lissafa cewa zuriyar namiji da mace guda za ta kai miliyoyi cikin 'yan ƙarnuka in duk suka rayu. To, wa ke tsira, kuma don me? Daga wannan tambaya ce ra'ayinsa na zaɓen da yanayi ke yi ya tsiro. Walas ma, wanda ya cim ma ra'ayi iri ɗaya a 1858, ya ce tunawa da Maltus ne ya buɗe masa hanya.

Game da ɗan Adam kuwa lissafin ya sha bamban. Mutanen duniya ba su wuce kimanin biliyan 1 ba a zamaninsa, a 2022 suka kai biliyan 8, domin takin zamani da ingantaccen iri da injuna sun sa abinci ya ninka fiye da yadda ya zata. Har ila yau ya ɗauka cewa wadata tana ƙara haihuwa, sai ga shi a ƙasashe masu arziki raguwa ta yi: a Koriya ta Kudu a 2023 matsakaicin haihuwar mace bai kai ɗa 1 ba.

Maltus ya mutu a watan Disamba na 1834 kusa da garin Bat, yana da shekara 68. Littafin nasa an buga shi sau 6 yana da rai, na ƙarshe a 1826.