Raman, wanda ƙaramar yarinya ta koya wa karatu

A kudancin ƙasar Indiya, bakin teku, akwai jihar da ake kira Kerala. Mutanenta suna magana da harshen Malayalam. A can aka haifi Raman Battatiripad cikin shekara ta 1896.

Iyayensa Nambudiri ne, wato zuriyar malaman addinin Hindu. Tun yana ƙarami aka sa shi haddace karatun addini da ka, amma ba a koya masa rubutun harshensa ba. Da ya zama saurayi, sai ya kama aiki a wani ɗakin ibada kusa da garin Shoranur.

Wata rana wata ƴar lakkwal ta kawo masa littafinta don ya taimake ta. Raman ya duba, bai gane ko baƙi ɗaya ba. Kunya ta kama shi ƙwarai. Maimakon ya kore ta, sai ya roƙe ta ta koya masa. Yarinya ta rubuta masa baƙaƙe, shi kuwa yana ta bita. Abin da ya fara karantawa da kansa tallar laima ce, a jikin wata takarda da aka ƙunso mazarƙwaila cikinta.

Karatu ya sa ya dubi halin da matan danginsa suke ciki. Ba a sa su lakkwal. In mace za ta fita, sai ta ɓoye fuskarta da babbar laima ta kaba. Babban ɗa kaɗai ke da iznin auren ƴar dangi, saboda haka ƴan mata da yawa suka ƙare a hannun tsofaffi. In tsoho ya mutu, yarinya ba ta sake aure har ƙarshen ranta.

Cikin 1929 Raman ya rubuta wasan kwaikwayo bisa wannan zalunci. Ma'anar sunan wasan ita ce daga madafa zuwa dandali. Dattawa suka fusata, matasa kuwa suka goya masa baya. Cikin 1931 ya bi garuruwa da ƙafa yana roƙon kuɗin karatun ƴaƴan talakawa.

Aiki mafi wuya ya zo cikin 1934. Mijin ƙanwar matarsa ya rasu. Raman ya tsaya har aka ɗaura mata sabon aure da wani abokinsa marubuci, abin da danginsu ba su saba gani ba.

Da ya tsufa ya rubuta tarihin rayuwarsa, bai kuwa manta da yarinyar nan ba. Ya rasu cikin 1982.