Tarihin Alice Ball, Mai Allurar Kuturta

Sa'ad da ni ke yaro a Zonkwa, kakata ta kan ba mu labarin wata gwaggonta da kuturta ta kama tun tana budurwa. Aka ɗauke ta aka kai ta wani ƙauyen kutare na mishan, can nesa da gida. Da ta komo, abin da ta fi faɗi shi ne zafin allura. Wai wani mai ne a ke ɗura musu mako-mako, wurin ya yi ta zogi har dare. Ni dai na ɗauki zancen kamar tatsuniya. Sai bana, ina shirya darasin kimiyya domin gwajin koyarwa, na gamu da sunan wadda ta gyara man nan har jiki ya iya karɓarsa. Da na lissafa shekarunta sai na ga ta rasu tana da shekara 24, watau sa'ata ce. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo muku tarihinta.

An haifi Alice Augusta Ball ran 24 ga Yuli, 1892, a birnin Seattle cikin Amurka. Baƙar fata ce. Kakanta shahararren mai ɗaukar hoto ne, ubanta ma ya taɓa sana'ar. Hoto kuwa a zamanin nan aikin jiƙe-jiƙen magunguna ne, don haka ina zato tun tana ƙarama ta saba da kwalabe da ma'auni. Ta shiga Jami'ar Washington, ta sami digiri na kimiyyar haɗa magunguna a 1912, ta ƙara wani na aikin magani a 1914. Daga nan ta haye teku zuwa tsibiran Hawai, ta shiga kwalejin da ke Honolulu. A can ta yi bincike a kan saiwar wani tsiro da mutanen tsibiran ke jiƙawa su sha, ana ce da shi kava, ta ware sinadaran da ke cikinta. A 1915 ta sami digiri na biyu. Ita ce mace ta fari, kuma baƙar fata ta fari, da ta sami wannan digiri a kwalejin, sa'an nan aka ɗauke ta koyar da kimiyya.

To, Hawai a lokacin tana fama da kuturta ƙwarai. Tun 1866 doka ta sa a riƙa kwashe masu ciwon a kai su Kalaupapa, wani lungu a tsibirin Molokai wanda teku da dogon dutse suka tsare. Kafin a soke dokar a 1969 an kai mutum fiye da 8,000, galibinsu ba su sake ganin gida ba. Likita Hansen na ƙasar Norwe ya riga ya gano ƙwayar cutar tun 1873, amma gane ɓarawo dabam, kama shi dabam. Maganin da a ke da shi kaɗai shi ne man calmugura, wanda a ke matsowa daga 'ya'yan wani itace na Indiya da ƙasashen da ke gabas da ita. Man yana da ɗan amfani, sai dai wuyar sha'ani. In an shafa, ba ya ratsa jiki sosai. In an sha, ɗacinsa ya kan sa amai. In kuwa an yi allura da shi, don kaurinsa sai ya daskare ƙarƙashin fata ya zama ƙulli-ƙulli masu ciwo.

Akwai wani likita, Harry Hollmann, a asibitin Kalihi inda a ke fara tsare masu ciwon. Ya ji labarin aikin Alice a kan saiwar kava, ya roƙe ta ta duba masa man nan. Tana koyarwa tana binciken, kafin shekara ta kewayo ta sami hanya.

A nan zan ɗan tsaya, don abin ya fi kusa da mu yadda ba ku zato. Duk wanda ya ga iyayenmu mata suna dafa manja da ruwan toka su yi sabulu, ya ga matakin fari na aikinta. Ta mai da man sabulu, ta zuba masa ruwa mai tsami na kimiyya, sai sassan man masu aikin magani suka rabu da sauran. Ta tace su, ta haɗa su da sinadarin barasa, suka zama wani ruwa marar kauri da a ke kira esta. Wannan shi ne ya ke bin allura da sauƙi, jiki kuma ya shanye shi. Ba ta ƙago sabon magani ba, tsohon ne ta buɗe wa hanya, kuma a ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba ta ga amfaninsa da idonta ba. Cikin 1916 rashin lafiya ya kama ta, ta koma Seattle, ta rasu ran 31 ga Disamba, ba ta kai ga buga sakamakon aikinta ba. Shugaban kwalejin, Arthur Dean, shi ma masanin kimiyya ne. Ya ɗauki aikin ya ci gaba da shi, ya yi maganin da yawa, ya buga bayaninsa ba tare da ambaton sunanta ba, har mutane suka riƙa kiran hanyar da sunansa. A 1920 aka ba da labari cewa an sallami mutum 78 daga asibitin Kalihi bayan an yi musu allurar. Sai a 1922 Hollmann ya rubuta a wata mujallar likitoci ya bayyana cewa hanyar ta Alice Ball ce. Amma rubutu ɗaya bai isa ya kau da abin da baki ya riga ya saba ba, sunanta ya ɓace shekara fiye da hamsin.

Kada in yi mata ƙari. Allurar ba ta warkar da kowa ba, waɗansu ma ciwon ya kan komo musu. Duk da haka man calmugura da abin da a ke sarrafawa daga gare shi su ne madogara har shekarun 1940, da su kuma aka yi ta aiki a ƙauyukan kutare na ƙasarmu, irin su Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. A 1941 aka soma gwada magungunan salfon a Carville cikin Amurka. Wajen 1950 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, nan gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dafson kaɗan-kaɗan ta baki tana aiki, ga ta da araha. Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, masu kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 zuwa 12 a yanzu, ana kuwa ba da su kyauta.

Sai a shekarar 2000 Jami'ar Hawai ta manna allon tagulla mai sunan Alice a gindin itacen calmugura da ke harabarta, shekara fiye da 83 bayan rasuwarta. Shi kuwa Dean, tuni aka sa wa wani babban gini na jami'ar sunansa.